Ranar da Na Kama Hannun Kakanku

Tun kuna ƙanana kuke jin kawunanku suna cewa ni na kori kakanku daga sana'a, wai na kunyata shi a gaban jama'a don in gaje masu ba shi aiki. Ban taɓa tankawa ba, kuma kun san ni, ba bakin magana na rasa ba. Saboda innarku na yi shiru, don duk abin da zan faɗa a kan mahaifinta zai sauka. Yanzu ita da kanta ta ce in rubuta, tunda kawunku Bello ya kai ga tara jikokina a wurin suna yana ba su labarin, sai ka ce a gabansa aka yi. Ba ya wurin, yana can kudu yana dillancin albasa. Mu biyu muka yi aikin nan, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, saura ni, to ga yadda abin ya kasance.

Kakanku, wanda har yau bakina ba ya iya kiran sunansa, Injiniya mutanen Jega suke ce masa. A hannunsa na koyi aikin wuta, shi ya buɗe mini shago, shi kuma ya ba ni ɗiyarsa ba tare da na furta ba. Maigidana ne, surukina ne, nauyi biyu ke nan a kaina. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama a tabarmar da yake zaune ba, idan yana magana ƙasa nake kallo. A lokacin da nake ba ku labari na haura arba'in, ina da furfura a gemu, amma idan ya ce "Manu" tsugunawa nake yi.

Sai na yi muku bayanin aikin kaɗan, tunda cikinku babu wanda ya ga damar riƙe filaya. Kowane moton lantarki, na injin niƙa ne ko na famfon ruwa, yana da ɗan akwatin ƙarfe a gefensa inda kebur yake shiga. Idan ka cire murfi za ka ga ƙusoshi masu noti, a nan ake ɗaure wayoyi uku masu ɗauke da wuta. Akwai kuma wata ƙusa ita kaɗai a jikin ƙarfen moton, nan ake ɗaure waya ta huɗu, wayar ƙasa, wadda aikinta shi ne idan wuta ta ɓalle ta hau jikin inji ta janye ta, kada ta bi ta jikin mutum. 'Yan sha-yanzu murɗa wayar kawai suke yi a ƙusa su tafi. Kakanku kuwa sai ya fere ta a hankali ba tare da ya katse ko sili ɗaya ba, ya sa mata 'yar hular tagulla mai huda, ya matse, ya sa washa, ya ɗaure noti da sifana, ya girgiza kowace waya da yatsa, sannan ya toshe kafar kebur don kada zanzaro ya shiga ya yi gini. Daga Jega har ƙauyukan Maiyama, idan aka ce "Injiniya ya rufe," magana ta ƙare. Akwatin da ya rufe ba a buɗe shi a bayansa, wannan dokarsa ce, kuma sunansa gaba ɗaya a kan wannan ya tsaya.

A zamaninsa wayoyin wuta ja ne da rawaya da shuɗi, baƙa kuwa ita muke kai wa ƙusar jikin inji. Da haka ya tsufa. Daga baya sai aka fara shigo da wani kebur mai sabon launi, wayoyin wutarsa ruwan makuba da ruwan toka da baƙa, wayar ƙasarsa kuma koriya mai ratsin rawaya. Wato baƙar da muka sani marar cutarwa ta koma mai kisa. Duk mai aikin wuta ya san da wannan canji, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai abin da zan tuna wa Injiniya a kai ba. Abin da ban sani ba shi ne, idanunsa sun fara yin farar yana, kuma yana ɓoyewa.

A wannan rani ƙungiyar manoman albasa a wata fadama bayan Aliero suka haɗa ƙarfi suka sayi babban famfo da janareta. Shugabansu, Alhaji Nomau, tsohon aminin kakanku ne, ya ce ba wanda zai haɗa musu sai Injiniya. An yi dashe kwana uku, ƙananan injinansu sun kasa, albasa ta fara kwanciya, kowa ransa a tsaye yake. Na goya Baba, wato kakanku, a babur da sassafe muka isa. Ya raba aikin kamar yadda muka saba, ni in haɗa bakin kebur a allon kunnawa da ke rumfar janareta, shi ya haɗa ɗaya bakin a akwatin moto, can bakin rijiya, tazarar kamar taku talatin. Na yi nawa yadda sabon kebur yake, baƙa a layin wuta, koriya mai ratsi a ƙasa. Kafin in gama ya riga ya rufe nasa, ya toshe kafa, ya koma gindin wata bishiyar bedi kusa da moton ya zauna.

Wajen hantsi mutane suka fara taruwa, masu gonaki da 'yan kallo, har da wasu Fulani da suka tsayar da shanu suna jiran su ga ruwa. Na zo ɗaukar filaya a jakarsa sai na ji yana hira da Alhaji Nomau, yana kushe kayan zamani kamar yadda ya saba, janareta ba ƙarfe, noti kamar gwangwani. Sai ya ce:

"Dubi ko kebur ɗin ga. Sun ɗauke ja, sun ɗauke shuɗi. Allah dai ya sa sun bar muna rawaya, sun bar muna baƙa ta ƙasa."

Filayar ta suɓuce daga hannuna. Babu rawaya a kebur ɗin nan, koriya mai ratsi ce yake gani rawaya. Idan haka ne, ya ɗaure wayar ƙasa a ƙusar wuta, ya ɗaure baƙa a jikin ƙarfe, baƙar da ni na sa wa wuta a ɗaya bakin. Ana danna madanni, moton da famfon da bututun ƙarfen da ke jikinsa duk za su zama wuta. Kuma an riga an shirya cewa Alhaji Nomau ne zai riƙe makunnin ruwa, wani zagayayyen ƙarfe kamar sitiyari, ya buɗe da hannunsa saboda girmamawa. Wurin kuwa caɓi ne, tun jiya ake ɗura ruwa a famfo, ya ma cire takalmansa ya ajiye gefe don kada su ɓaci.

Ku da kuka tashi a zamanin da yaro ke gyara wa uba magana a waya, za ku ce me ya hana ka faɗa kawai. To na faɗa. Na jira Alhaji ya tashi, na matsa na tsuguna dab da shi, na yi ƙasa da murya yadda ko wanda ke bayansa ba zai ji ba, na ce Baba, don Allah wace waya aka kai ƙusar jiki, don in daidaita nawa bakin da naka. Kun ga yadda na lanƙwasa maganar, na mai da ita kamar ni ne mai neman gyara. Ya juyo ya dube ni, ya sha mur.

"Jarrabawa kaka yi min, Manu? Na rufe. Tahi ka ƙare naka, mutane na jira."

Na koma rumfa. Na yi tunanin in juya wayoyin a nawa bakin a ɓoye, baƙa ta koma ƙasa, koriya ta ɗauki wuta, kowa ya huta. Amma ban ga cikin akwatinsa da idona ba. Idan maganar baki ce kawai ya yi, hannunsa kuma ya yi daidai, to ni ne zan sa wa jikin injin wuta da kaina. Ba a caca da wannan. Ko da ma na canka daidai, na bar tarko ke nan ga duk wanda zai zo gyara wata rana, ya kama koriya da hannu yana ganin ba ta cizo. Gwaji da mita kuma sai na kai waya har jikin moton, ga shi zaune a gindinsa kamar mai gadi. Dabara ɗaya ta rage mini, in ja lokaci har azahar, idan an tafi salla in buɗe in gyara in rufe, ba wanda ya sani sai Allah. Sai na zare fis ɗaya daga allon, wanda in babu shi injin ba zai tashi ba, na jefa a aljihu.

Aka tayar da janareta, ƙararsa ta cika fadama. Aka ce in danna, na danna, shiru. Na yi ta dube-duben ƙarya, ina kwance abin da yake lafiya ina mayarwa, gumi yana zuba. Mutane suka fara guna-guni, wani ya ce ai da ma tsohon shi kaɗai aka bari. Wani matashi mai gona a gefen rijiya ya ce idan albasarsa ta ƙara wuni ɗaya ba ruwa sai dai ya kira awaki. Na haɗiye duka, wallahi zagin ma daɗi yake mini, don kowane zagi yana matso da azahar. Na ce a yi haƙuri, matsalar daga wajena take, a je a yi salla kafin a dawo na gano ta. Alhaji Nomau har ya fara cewa to ba laifi.

Sai ga Baba ya taso. Ya tako a hankali har rumfa, mutane suna ba shi hanya. Ya sa hannu a allon yana shafawa, a lokacin ne na fara lura cewa da yatsa yake dubawa, ba da ido ba. Ko minti ɗaya bai yi ba ya taɓa gurbin da babu fis. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce shekara ashirin da ɗoriya yana koya wa mutum aiki amma ya manta fis, aka kwashe da dariya. Ya laluba aljihun rigarsa, ya fito da wani, don bai taɓa fita aiki ba tare da na ajiya ba, ya cusa. Sannan ya ɗaga hannu ya yi wa Alhaji Nomau alama. Na hango Alhaji ya tattare riga, ya shiga caɓin nan ƙafa ba takalmi, ya kama ƙarfen da hannu biyu yana murmushi, wasu dattawa biyu sun dafa bututu a gefensa. Baba ya yi bisimilla, ya miƙa yatsa zuwa koren madanni.

Na kama hannunsa. Ba taɓawa na yi ba, cafkewa na yi a wuyan hannu, da ƙarfi, na janye shi baya har ya yi tangaɗi. Hannun da ban taɓa gaisawa da shi ba sai na tsuguna. Da ɗaya hannun na kashe janareta, fadamar ta yi tsit, ana jin kukan shanu can nesa. Na ji muryata tana fita, ban san ta kai haka ba:

"Alhaji, saki ƙarfen nan. Ku fito daga ruwa, dukanku."

Baba bai fizge ba. Ya dubi hannuna a kan nasa, ya daɗe yana kallo, har na saki da kaina. Wani dattijo ya ce subhanallahi, surukinka ne fa. Ban saurare shi ba, don na san idan na tsaya sauraro ba zan iya ƙarasawa ba, kuma idan ban nuna dalili ba za a sake tayar da injin a ture ni gefe. Na ɗauki sukundireba na nufi moton, jama'a suna bina. Ina kwance murfin ina roƙon Allah a zuciyata ya sa ni ne na yi kuskure, a yi mini dariya har in mutu, na yarda. Murfin ya fita. Aikin ya yi kyau kamar kullum, kowace hula a matse, kowane noti da washarsa, ba sili ɗaya a waje. Baƙar waya kuma tana ɗaure tamau a ƙusar jikin ƙarfe.

Manoma ba su san me suke kallo ba, sai da Alhaji Nomau ya tambaya, na faɗa masa a taƙaice abin da zai same shi da an danna. Ya dubi ƙafafunsa, ya nemi wuri ya zauna a kan kunyar gona. Baba ya iso daga baya. Ya durƙusa a caɓin da fararen kayansa, ya kai fuskarsa dab da akwatin har hancinsa yana kusan taɓa ƙusoshi, ya kama koriyar wayar da yatsa biyu. Ya yi magana a hankali, amma shirun da ke wurin ya sa kowa ya ji.

"Manu, wagga wane launi ta?"

Na ce koriya ce, Baba, mai ratsin rawaya. Ya ce to. Ya miƙo mini sifanarsa, ya tashi ya koma gindin bedi. Na juya wayoyin, na gwada da mita, aka tayar, ruwa ya fito kamar cinyar mutum. Ba wanda ya yi murna da ƙarfi. Na goya shi muka dawo Jega, tun daga Aliero har ƙofar gidansa bai dafa kafaɗata ba kamar yadda yake yi idan mun shiga gargada, ƙarfen bayan babur ya riƙe.

Labari ya riga mu isa gari, masu motocin albasa sun kawo shi. Bayan magariba na tarar da innarku zaune a bakin murhu, wuta ta mutu ba ta hura ba. Ta tambaye ni ko da gaske na ja hannun babanta a gaban mutane, na ce da gaske ne. Ta ce ashe ba ni da wata hanya, na lissafa mata hanyoyin da na bi ɗaya bayan ɗaya, raina yana ɓaci, don na gaji da a ɗauke ni marar kunya. Sai ta fashe da kuka, ta ce ta fi shekara da sanin idonsa. Ta gan shi yana zuba shayi a gefen kofi, ya sa ta ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, musamman ni. A daren nan na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba, na ce rantsuwarta ta kusa kashe mutum uku. Ita kuma ta ce ni da nake wuni da shi a wurin aiki, ina nawa idon yake. Gaskiya ta faɗa. Shekara guda ina tare da shi, amma ƙasa nake kallo, ban taɓa duban ƙwayar idonsa ba balle in ga farin da ke ciki.

Kwana huɗu ban ji daga gare shi ba. Na je gaisuwa aka ce yana hutawa. A rana ta biyar da hantsi sai ga shi a ƙofar shagona, sanye da kayan aiki, ba jaka. Ya ce in tayar da babur. Tunda sabon kebur ya shigo ya haɗa injina da dama shi kaɗai, kuma yana riƙe da su duka a ka, da sunan mai shi da ranar kasuwar da aka yi aikin. Ya ce za mu bi su ɗaya bayan ɗaya in buɗe. Na ce Baba, bari in je ni kaɗai, in ce shafa mai na zo yi, ba wanda zai gane. Ya ce shi bai koya mini ƙarya ba, kuma fis ɗin da ke aljihuna ranar nan ya isa haka. Ashe ya sani.

Wannan shi ne abin da kawunanku ba sa faɗa muku, don ba su gani ba. Mako biyu muna yawo, Liba, Karaye, cikin garin Maiyama, ƙauyukan da babur ma da ƙyar yake shiga. Duk inda muka isa shi yake sauka ya yi sallama, ya tsaya a gaban mai injin, mutumin da ya daɗe yana alfahari cewa Injiniya ne ya rufe masa, ya ce da bakinsa idona ya lalace, na kawo wanda zai duba aikina. Wasu su ce haba Injiniya, a bar shi haka, ya ce a'a. Ni kuma in tsuguna in kwance murfi yana tsaye a kaina, ina faɗa masa launin kowace waya yana gyaɗa kai. A wurare uku mun tarar da koriya tana ɗauke da wuta, ɗaya ma injin niƙa ne a Karaye inda mata ke cincirindo kullum. Ba a yi ɓarna ba saboda shi ya haɗa baki biyun, amma tarkon yana nan yana jiran mai gyara. Ina ji ina gani mutumin nan ya bi gari gari yana rushe sunan da ya yi shekara arba'in yana ginawa. Sau da yawa na so in yi kuka a kan babur, iska ce ta rufa mini asiri.

Na ƙarshe wani famfo ne a Sarandosa. Na buɗe, tsohon kebur ne, ja da rawaya da shuɗi, komai daidai, aiki kamar a ɗauka a nuna wa ɗalibai. Na ce lafiya lau yake, Baba, ba abin taɓawa. Ya ce in rufe. Da muka fito bakin hanya na tayar da babur, sai ya ce in kashe tukuna. Ya tsaya yana fuskantar gonakin gero da aka girbe, ba ni yake kallo ba.

"Da ka bar ni na danna, da yanzu jinin Nomau na bisa kaina. Na sani, kuma na gode. Ka yi daidai, ko gaban Allah zan shaide ka." Sannan ya ce, "Amma Manu, duk sa'ad da na ji muryarka, hannunka nika ji bisa nawa, da mutanen ga suna kallo. Na yi ƙoƙari, ya ƙi fita. Ka riƙa aiko min da gaisuwa ta bakin ɗiyata."

Na ce to, Baba. Me zan ce? Na goya shi muka dawo, na sauke shi a ƙofar gida, ya shiga yana laluben bango. Shekara shida ya yi a duniya bayan wannan, tsakanin gidana da nasa ba ta kai tafiyar minti biyar ba. Kowace Juma'a innarku takan kai gaisuwata, ta dawo ta ce yana amsawa. Na cika masa abin da ya roƙa, ban karya ba ko da Salla. Ranar da na sake taka zaurensa, makararsa na je ɗauka.